Ƙwayar Shinkafa a Wuyan Tsamiya

Ranar da Nafi'u ya zo da allurarsa
na ce, kai yaro, mage ce fa, ba saniyar sayarwa ba.
Ya yi dariya, ya kamo fatar ƙeyarta
yadda uwarta ke ɗaukarta kafin idonta ya buɗe,
ya tura wani abu kamar ƙwayar shinkafa.
Tsamiya ta harare shi, ta haye katanga.

Gwaggo, lamba ce, in ji shi.
Ba ta ƙara, ba ta nuna hanya,
tana kwance kurum sai ranar da aka tambaye ta.
Na shafa kumatuna.
Ni ma ina da irinta, tsaga uku-uku,
wanzami ya rubuta min ina kwana bakwai
don in na ɓata a san ƙofar da za a kai ni.
Kajin Innata kuwa jan ƙyalle ne a fiffike.
Tsohon zance ne, ciki kawai suka mayar da shi.

Da muka tashi daga Fagge zuwa Rijiyar Zaki
a bayan a-kori-kura, tsakanin katifa da turmi,
ban san inda murfin kwandon ya zame ba.
Mun sauke kujeru, mun sauke tukwane,
mun sauke kwando babu nauyi.

Na koma tsohon gida sau shida.
Na bi lungu ina mus-mus kamar mai taɓin hankali,
yara na bayana suna maimaitawa.
Maƙwabciya ta ce, ki samo wata mana,
ai ko a bola ana tsintarsu.
Ban tanka ba. Ita ba ta san wadda ta kwana a ƙafata
shekarar da Malam ya rasu ba.

Ɓeraye suka yi sallar idi a buhun gerona.
Kwanon madara ya koma na zuba allurai.

Wata goma sha ɗaya. Ina tankaɗe, waya ta yi kuka.
Daga asibitin dabbobi ne, Hajiya, kina da mage?
Na ce, na taɓa yi.

A kan teburin ƙarfe na same ta, ƙafa a ɗaure,
ta yi ƙiba, tana warin baƙin mai.
Gefenta wani saurayi, Tasi'u, bakanike a Ƙofar Ruwa,
babur ya buge ta, ya naɗo ta a rigarsa,
ya biya kuɗin magani da na gyaran birki biyu.
Likita ta ce, da na wuce da na'ura ta wuyanta
sai ta yi ɗan kuka, lambobi suka jeru,
lambobin suka kai ni ga sunanki.

Na ce, Tsamiya.
Kunne ɗaya ya motsa. Ɗaya kacal.
Ya ce, Salansa,
wai don gurnaninta in tana barci.
Ta ja ƙafar nan mai ciwo ta cusa kai a hammatarsa.
Bai dube ni ba. Yana ta murza hularsa,
ya ce, Mama, in taki ce, taki ce.

Ƙwayar ta yi aikinta, ba ta yi ƙarya ba,
abu ɗaya aka ba ta, shi ta riƙe.
Ba a gaya mata wa ya raba kifinsa biyu da damina ba,
ko a ƙarƙashin wace mota aka shimfiɗa kwali.

Na ce wa likita, bar lambar wayata,
ki ƙara tasa a ƙasa.

Yanzu duk Asabar ina hawa adaidaita
da busasshen kifi a ƙullin mayafi.
Masu sayar da kayan mota sun san ni,
suna cewa ga kakar Salansa nan.
Takan fito daga cikin tsohuwar taya,
ta ci, ta lashe baki,
wani lokaci ta bar ni in shafa wuyan
har yatsana ya taɓa ƙwayar.
Tana nan, ba ta tsiro ba, ba ta ruɓe ba.