Tsoron Ɗari Biyu

Ɗari biyu na biya Arzika mai gidan kallo
a Runjin Sambo, don ya sayar mini da tsoro.
Na zaɓi bencin ƙarshe, dab da ƙofa,
saboda ko-ta-kwana.

An ce fim ne a kan Mai Tsefe,
wadda kakata Tumba ke ba mu labarinta
bayan ta hure aci-balbal:
macen da ke zama bisa dutse ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa,
tana taje gashi da ƙayar kifi,
tana kiran masunci da muryar uwarsa.
Tumba ba ta taɓa faɗin kamanninta ba.
In mun matsa sai ta ce,
"Duk wanda yag gan ta bai komo ba, wa ka gaya muna?"
Daga nan ko fitsari sai da rakiya.

To, yau ga ta a bango.
Wata yarinya ce aka bulbule da hoda,
gashin kanti ya zame gefe guda,
ga agogo ɗaure a hannunta.
Aljanar shekara dubu tana duba lokaci!
Gulbin kuwa kududdufi ne, har da leda tana yawo.
Da ta cafki masuncin, jini ya ɓalle
tsararo, kamar miyar da ba ta ji wuta ba.
Wani yaro a gaba ya ce, "A kawo tuwo!"
Gida ya kwashe da dariya.
Mai gyaɗa ta ci kasuwarta.

Sai janareta ya yi tari biyu, ya mutu.

Duhu.
Can bayan katanga wata mata
tana kiran ɗanta a hankali, tana jan sunan:
"Nomau... Nomaaau..."
Nomau na zaune gefena.
Bai amsa ba.
Na ji numfashinsa, na ji nawa,
tsikar jikina ta tashi,
warin laka da ɗanyen kifi ya shigo ta ƙofa.
Minti guda Tumba ta baro kushewa
ta ƙarasa musu aikinsu.

Arzika ya ja igiya, haske ya dawo
da hodarsa da agogonsa.
Ban jira ƙarshe ba.
Na yi niyyar neman kuɗina a bakin ƙofa,
na tuna da mintin nan, na bar masa.

Na tare kabu-kabu, na ce Mabera,
amma ka bi ta inda akwai fitila.