Ɗigo Biyu a Gadar Oshodi

Kakana sawu yake bi.
Zai dubi rairayi ya ce: raƙumi ne, jiya da la'asar,
yana ɗingishi, kayansa sun rinjaya hagu.
Ni kwalta na tarar a Ikko,
ita kuwa ba ta riƙe sawun kowa.

Sai aka ba ni kujera a Yaba, bene na huɗu,
da allon gilashi mai tafasa da ɗige-ɗige.
Wayar aljihunka ba ta iya kame baki,
tafe take tana sallama, ko akwai mai amsawa,
akwatunan da muka ɗaure a turakun fitila
suna jin ta, suna rubutawa,
ba su taɓa cewa wa alaikumus salam ba.

Da asuba ɗigon na malalowa daga Agege
kamar gero daga ɓulallen buhu.
Na san inda suke cushewa,
na san inda suke kauce wa kwatami.
Ban san wanda ya karya kumallo ba.
Ɗan dakon da aka yanke wa aljihu shekaranjiya
ya haye da buhun albasa a ka,
allona ya ce ba kowa.

Ɗigo ɗaya ya hana ni sakat.
Biyar da kwata, tsakiyar gada, sai ya cije,
minti bakwai, jama'a na ratsa shi.
Oga Bankole ya ce kuskure ne, goge.

Ranar Laraba na hau da ƙafata.
Tsoho na gani, almakashin yankan farce a hannu,
waya daure da kyauro a kunnensa.
Ya ce sunansa Tanimu.
Ɗakinsa a ƙarƙashin gada yake, kira ba ya shiga,
nan sama kaɗai muryar Ladiyo ke isowa daga Gumel,
jikarsa ce, tana biya masa karatun yau,
shi kuma yana gyara mata ja da ɗauri.

Na tsaya. Danfo na ihu a ƙasa.
Mai lemo ta bangaje ni, ta zage ni da Yarbanci.
Ya gama, ya kalli yatsuna,
ya ce kawo, sun yi tsawo.

Washegari Oga ya ƙwanƙwasa allo da biro:
jiya kuskuren biyu ne.
Na ce na gani, ranka ya daɗe.
Ban goge ba.