Lamba Arba'in da Bakwai

Daga Litinin zuwa Juma'a
babana, Clifford Maltby, mai gyaran famfo ne a garin Louth,
yana rarrafe a ƙarƙashin bahon wankan mutane,
yana shan ƙorafin tsofaffi kan ruwan da ya ƙi zafi.
Asabar kuwa, tun zakara bai yi cara ba,
sai ya tashi wani mutum dabam.

Motar koriya ce, 'yar ƙarama, ba rufi.
Ya saye ta a hannun wani manomin dankali
da kuɗin da Mama ta ware don sabon kicin.
Wata uku tana ajiye masa abinci ba magana.
A na huɗu ta sayo agogon awon gudu,
ta ce, "Tunda ka rantse sai ka karya wuyanka,
gara in san a minti nawa ka yi."

Arba'in da bakwai. Ni na zana lambar da fenti
ina 'yar shekara tara. Bakwai ɗin ta karkace.
Bai taɓa yarda a gyara ta ba.

A Cadwell, inda hanya ke hawa tudu
har mota ta ɗauke ƙafafunta daga ƙasa,
nan muke shimfiɗa bargo a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa,
shayi a fulas, burodi da cuku,
warin mai da ƙonannar roba har cikin maƙogwaro.
Masu hali na zuwa da manyan tireloli da kanikawa huɗu-huɗu.
Mu namu kanikawan: Mama, ni,
da Kawu Wilf mai ji da kunne ɗaya,
wanda ke ɗaure kusoshi yana zagin hadari.

Shekara talatin da ɗaya yana tsere.
Bai taɓa zuwa na ɗaya ba.
Na uku dai ya zo, sau guda,
ranar da ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya,
gwanaye suka yi ta sulɓewa cikin shinge.
Shi kuwa ya san halin ruwa, ai abokin sana'arsa ne,
ya bi shi da lallami har bakin layi.
Kofin da aka ba shi bai kai na shayi girma ba.
A ciki Mama ke zuba allurai da maɓallai.

Akwai kuma ranar da ba a tada zancenta a gida:
hayaƙi a bayan bishiyoyi, jar tuta,
agogo na ta ƙirga a tafin Mama,
ita kuwa numfashinta ya tsaya.
Haƙarƙari uku da ƙashin kafaɗa.
Yana buɗe ido a asibiti ya ce, "Injin fa?"
Ta jefe shi da lemo.

Na taɓa tambayarsa me yake nema,
ba kuɗi, ba suna,
jarida ma sau ɗaya ta ambace shi, ta kuma ɓata sunan.
Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.
"Akwai wata kwana, Hazel.
In na shige ta daidai,
babu bashi, babu famfo, babu jiya.
Daƙiƙa biyu ce kacal.
Sauran duk hanyar zuwa gare ta ne."

Ido ne ya fara cin amanarsa.
Likita ya ƙi sa hannu a takarda.
Wani saurayi ya zo daga Hull da tirela da kuɗi a ambulan.
Baba ya yi masa bayanin giya ta uku mai gardama,
ya maimaita, ya sake maimaitawa,
ya shige gida tun ba a tada injin ba.

Tabon mai na nan a simintin gareji,
Mama ta hana a wanke.
Har yau Asabar da asuba yana zaune a tsohon kicin nan,
ido a rufe, hannaye biyu a gefen faranti,
ƙafar dama na danna ƙasa a ƙarƙashin tebur.
Mama takan dubi agogon bango,
ta tura masa shayi,
ta ce, "Yau ka rage daƙiƙa ɗaya."