Guntun Dalma

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sikeli
a gonar kofi ta Don Anselmo,
can saman duwatsun Huehuetenango
inda gajimare ke kwana a kan rufin kwano.
Ni ne Baltazar, ɗan mai wankau da ya iya lissafi.

Akwai guntun dalma manne a gindin dutsen awo,
bai fi ƙwayar wake ba.
Ba ni na manna shi ba, tarar da shi na yi.
Amma kullum da safe sai na shafa da ɗan yatsa
in ji ko yana nan.

Laba huɗu a kowane kwando.
Laba huɗu ba ta da baki, balle ta yi kuka.
Ita ta yi mini daɓen siminti,
ta saya wa Nicolasa keken ɗinki,
ta kai ɗana makarantar masu takalmi.
Ran Lahadi kuwa, in na jefa baiko,
har na bayan coci sai ya ji ƙararsa.

Sai ga Alhamis Mai Tsarki,
Fada Isidro na fama da baya, sunkuyo ya gagara.
Ya ce, Baltazar, kai dattijon ikilisiya ne,
ungo tasa, ɗaura tawul.
Mutum goma sha biyu a kan benci, kowa ya tuɓe takalmi.

Ta bakwai Dominga Pablo ce.
Na san muryarta, na san lambarta a littafi,
ban taɓa duban ƙafarta ba.
Faso ya tsaga diddigen kamar bakin rafi da rani,
farce ɗaya ya fita, jar ƙasa ta cike gurbin.
Da wannan ƙafa take hawa tun kafin zakara,
goyo a baya, igiyar kwando a goshi.
Ruwan tasa ya yi ja.
Hannuna na wanki, kaina na lissafi:
huɗu sau shida, sau makonnin kaka,
sau goma sha ɗaya.

Ta ce, Allah ya saka maka, Don Baltazar.
Da mari ta yi mini, da na fi jin sauƙi.

Ya Yesu, kai da ka durƙusa da tawul a ƙugu,
ashe a nan kake jirana,
ba a saman bagade ba, a ƙasan benci.
Na daɗe ina kiran sunanka a tsaye.

Asabar da asuba na kankare dalmar da wuƙar girki.
Kwana tara littafi ya tona ni.
Don Anselmo bai ɗaga murya ba,
ya ce, ajiye makulli, ka gaida gida.

Nicolasa ta yi mako ba ta ce mini uffan ba.
Ta ce, daga baya, adalcinka zai biya kuɗin makaranta?
Ban da amsa. Har yau ban da ita.
Na sayar da babur, na bi gida-gida da tsohon littafi.
Kuɗin suka ƙare a suna na talatin da biyu,
saura ɗari da wani abu.
Wasu sun mutu. Wasu sun yi arewa, ba labari.
Wani tsoho ya karɓa, ya ƙirga, ya tofa yawu a gefena.
Bai yi laifi ba.

Yanzu ni ma tsinka nake, a gonar ƙetaren kwari,
gwiwa na ƙara, igiya ta ci mini goshi.
Da yamma wani yaro mai farar riga ke auna kwandona.
Ina ganin ɗan yatsansa yana laluben gindin dutse.
Na san abin da yake shafawa.
Na faɗa masa sau biyu, ya kau da kai.

Ubangiji, ba na roƙon ka karya shi.
Ka dai sa wa fadansu ciwon baya
Alhamis ɗin da ke tafe,
ka ba yaron nan tasa.