Ƙullin Anaruwa

A rijiyarmu ta Ƙofar Marusa
akwai wani ƙulli a wuyan guga
wanda ba na Katsinawa ba.
Ja shi, ya ƙara cizo.
Taɓa kunnensa, ya saki kamar bai taɓa riƙon kome ba.
Inna Tabawa ta ce na kakanta ne, Anaruwa,
wanda aka haifa ana ruwa,
ruwa kuwa ya biyo sunan har ya karɓi abinsa.

Yana ɗan sha biyu ya bi ayarin goro
yana jan jakin madugu.
Jaki ya mutu a kurmi, madugu ya ci bashi,
aka bar yaro jingina a bakin teku.
Nan ya ga gidan katako yana rangaji,
jigo uku a tsaye, fararen zannuwa rataye,
ya ce, wane gida ne ke wanki haka?

Aikinsa na fari kaji,
da wata akuya da ta ƙi sabawa da jiri.
Sai gugar daɓen katako da dutse, a durƙushe,
har gwiwa ta yi kanta irin ta raƙumi.
Gurasarsu a ƙwanƙwasa ta tukuna
masu gida su fito, sannan baƙo ya ci.

Da suka ga hannunsa bai rawa
suka ba shi darma mai kitse a gindi, ɗaure da igiya.
Ya wurga, ya ƙirga:
gaba bakwai, yashi,
gaba tara, laka da ɓawon katantanwa.
Wani mai jan gemu ya rubuta.
Ƙasan tekun nan da hannun yaronmu aka taɓa shi,
amma duba takardar, in ka same ta,
ba ka ganin Anaruwa ko a gefe.

Alƙibla ta zame masa ƙuda:
ya kabbara tana gabansa,
ya sallame tana bayan kunne.
Kaza da 'ya'yanta kaɗai ya sani a sama,
da su yake hira da Hausa
don kada harshen ya bushe.

Ya hau jigo cikin hadari.
Ya ce hasumiyar Gobarau ce,
in da Gobarau na sunkuyawa ta sha ruwa ta miƙe.
Ya ga dutsen ƙanƙara yana tafiya ba ƙafa.
Ya ga tsibirin da mutanensa ke kiransa da suna,
mai jan gemu ya raɗa masa wani, ba ko rago.

Dasashi ya kumbura, haƙora uku suka tafi.
Abokinsa, ɗan mai dafuwa, wanda ya koya masa ƙullin,
an ɗinke shi cikin zanen jirgi.
Ba rami, ba itace, ba tukunya.
Ruwa ya buɗe, ya rufe.
Anaruwa ya yi masa addu'ar da ya iya,
bai ma san addinin yaron ba.

Shekara goma sha tara, sai ga shi a ƙofa,
yana tafiya yana tale ƙafa
kamar ƙasa za ta zame masa.
Ya ce akwai ruwan da ƙishirwa ke kashe mutum a kansa.
Zaure ya fashe da dariya.
Daga ranar ya kama bakinsa,
ya zauna gindin durumi yana tufkar rama.

Inna ta ce in damina ta sauko da dare
ya kan fito tsakar gida, ya lashi yatsa, ya ɗaga sama,
ya daɗe a haka.

Ɗazu igiyar guga ta tsinke.
Na zauna na ƙulla ta yadda aka nuna mini,
zagaye, a kutsa, a komo.
Na sake ta cikin duhu ina ƙirgawa.
Gaba goma sha ɗaya.
Ruwa mai daɗi.