Hannun Cindo a Soron Shawara

Siminti aka kira ni in ɓamɓare.
Wani ɗan kwangila ya shafa wa soron nan
shekara talatin da suka wuce,
ya toshe masa numfashi, ruwa ya kwana ciki,
bangon gabas ya kumbura kamar ƙafar mai tundurmi.

Na shiga jemagu ba su gama komowa ba.
Ginshiƙi huɗu, kowanne sai mutum uku sun kama hannu
kafin su kewaye shi.
Daga kafaɗunsu bakan gizo ya tashi, takwas,
suna sunkuya wa juna kamar dattawa a wurin gaisuwa,
sun haɗa goshi a ƙoli, ƙarƙashin tulluwa,
inda aka liƙa tasar tagulla
mai kama hasken hantsi ta jefo shi ƙasa.

Allon bakin ƙofa ya ce
Ubandawaki Maiturare ne ya gina shi,
zamanin da ayarin gishiri ke sauke kaya a bakin Rima
kafin ya wuce Sakkwato.
To. Ubandawaki ya ba da hatsi, ya ba da umarni.
Ban ji an ce laka ta taɓa gwiwarsa ba.

Kakata Ige ta ce da ni:
"Giginya saba'in anka sare can fadama,
bisa kai anka kawo azara, kwana ukku.
Rani biyu tubali na shan rana.
Mata sunka daka ɓawon ɗorawa don makuba
har hannuwansu sunka rine."
Ta ce ranar da za a zare tokara
kowa ya gudu waje,
Gwani Tankari kaɗai ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin tulluwa
ya ɓare goro yana ci.
Ƙura kaɗan ta zubo masa a rawani. Shi ke nan.

A nan aka raba rigimar rijiya tsakanin Shiyar Majema da Shiyar Marina.
A nan aka auna gero da ƙoƙo a shekarar yunwa.
Bature ya kafa tebur ya ƙirga jangali,
alƙali ya zauna, ya tashi,
an jera akwatin zaɓe, an yi dambe a kansa.
Yanzu majalisa ta koma sakatariya mai rufin kwano,
in an ɗauke wuta su fito da fayil suna fifita.
Nan kuwa ko a tsakiyar bazara
ruwan tulu ba ya ɗumi.

Ranar Laraba, kamu biyar daga ƙasa,
simintin ya ɓallo da tsohon yaɓe gaba ɗaya.
A jikin tubali na ga hannu.
Ƙaramin hannu, na yaro ko yarinya,
an danna shi tun laka na ɗanya,
har layin tafin bai goge ba.
Na ƙirga yatsu. Na sake ƙirgawa.
Shida.

Ɗan gwani ne? Bawa ne da aka kawo daga kudu
yana miƙa tubali don tuwon dare?
Wasa ya yi, ko sa hannu?
Allon ƙofa bai san shi ba.

Ni ma a gefen ƙaramin yatsana akwai tabo.
Wanzami ya ɗaure nawa da zare tun ina kwana bakwai,
ya bushe, ya faɗi.
Na ɗora tafina. Ya yi wa gurbin yawa,
amma tabon ya sauka daidai.

Injiniya Sa'adatu ta ce a rufe kafin ruwan farko,
ƙasa ba ta son tsiraici. Gaskiyarta.
Na cuɗa makuba da kaina, na yaɓe bangon duka,
wurin nan na sassauta hannu.
In ka shiga da hantsi, ka tsaya a ginshiƙi na biyu,
ka dubi gabas lokacin da tasa ta jefo haske,
za ka ga wani ɗan lotsawa.
Shugaban ƙaramar hukuma ya ce aikina bai yi sumul ba,
ya rage mini dubu takwas.