Azahar a Ƙofar Doka, Magariba a Tailan

Ni faci nake yi a bakin Ƙofar Doka,
tayar babur, tayar amalanke, wani sa'in tamaular yara.
Ta ƙanena Shamwilu, ta farkon nan,
sau goma sha ɗaya na liƙe ta
kafin robar ta gaji da ni.

Yanzu yana Tailan.
Sunan kulob ɗin ya fi ƙarfin harshena.
Inna ta ce "garin su Shamwilu", ta huta.

A Agusta suka buɗe kaka,
ruwa na zuba a nan, ruwa na zuba a can.
Awa shida suka riga mu:
su fitilun fili sun kama,
mu ladan bai gama gyara murya ba.
Sai in jingina waya da bahon gwajin taya,
Gambo mai rake ya matso da wuƙarsa a hannu,
Ishaya ya kashe injin markaɗe,
mai sharhi na zuba yarensa kamar ana suyar gyaɗa,
mu kuma muna tsintar ƙwaya ɗaya a ciki:
Sam-wi-lu.

Wasa shida yana ɗumama benci.
Sau ɗaya na'ura ta gifta ta kansa,
yana cizon farce,
halin da Baba ya rasu bai raba shi da shi ba.

A na bakwai suka sako shi, saura minti goma.
Ya karɓa da ƙirji, ya juya, ya ɗaga ƙafar hagu,
sai hoto ya daskare.
Da'irar nan tana ta juyawa a kan gwiwarsa.
Na ruga shagon Nkechi, na ci bashin kati,
ko da na dawo, mutum tara sun danne shi a ƙasa.
Duk Zariya na ce wa na gani.
Ban gani ba.

Kuɗi suka zo, aka sauya wa Inna kwanon ɗaki a Limancin Kona.
Ya ce miyarsu har da sukari,
barkononsu kuwa ba ya jin sallama.
Muka ƙulla daddawa da kuka a leda uku,
Alhaji Mamuda mai sarin takalma ya kai masa har Bankok.

Gwiwar ta tafi a Janairu.
Wata biyu muna kallon baƙi zalla,
amma ba mu fasa ba;
Gambo har ya san mai tsaron gidansu,
yana zaginsa kamar ɗan unguwa.

Kulob goma sha shida, uku za su gangara.
Ranar ƙarshe su ne na sha huɗu,
zafin bazara ya narkar da gam a gwangwani.
Ɗaya da ɗaya, an shiga ƙarin lokaci,
ya tashi sama, ya sa kai.
Wannan karon waya ba ta ci amanata ba,
ƙarar ƙarfen raga har Ƙofar Doka.

Ishaya ya tafi ya tada injinsa.
Ba wanda ya ce uffan.

Ƙarfe tara na dare ya kira, su can uku.
Bai yi maganar ƙarfe ba, ban yi ba.
Ya ce kwantiragi ya ƙare, wakili ya daina ɗauka.
Ya ce, Yaya, kwanon bai yoyo?
Na ce ruwan bana bai sauka ba tukuna,
sai ka zo mu gani tare.

Da safe wani yaro ya kawo tamaula a saɓe,
ta lotse gefe guda.
Na hura ta, na danna ta cikin baho,
muka sunkuya ni da shi,
muna jiran inda kumfa zai fito.